Manhajojin da kwamfutarka ke buƙata, da waɗanda nauyi kawai suke ƙara mata

Duk wanda ya taɓa sayen kwamfutar tafi-da-gidanka 'yar gwanjo, a Kano ne ko Kaduna ko Maraɗi, ya san tambayar da ke biyo bayan an gama ciniki: "Yallaɓai, a zuba maka kaya?" Kafin ka ce me an soka filashi, an ɗora Office da CorelDRAW da Photoshop da IDM mai sauke fayiloli, an haɗa da riga-kafin bairos kala biyu, da manhajar da aka ce tana wanke kwamfuta, da burauza har uku. Mai saye ya tafi gida yana murna an yi masa gyara. Bayan wata biyu na'urar ta fara jan ƙafa, fanka tana ihu, batir ba ya kai awa guda, saƙonni suna ta faɗowa cewa lasisi ya ƙare. Daga nan sai a yanke hukunci cewa kwamfutar ce ta tsufa.

Sau da yawa ba tsufa ba ne, kaya ne suka yi mata yawa. Abin da malamin makaranta ko ɗalibi ko ma'aikacin ofis ko mai shago yake yi da kwamfuta a kullum bai wuce rubutu, lissafi, karanta takardu, nemo fayil, tura shi, da adana shi ba. Manhajojin da ke yin waɗannan da kyau ba su da yawa, galibinsu kyauta ne na halal, wasu ma suna cikin Windows tun asali ba a sani ba. Ma'aunin da nake auna kowace da shi ya fito ne daga halin da muke aiki a ciki: wuta ba ta da tabbas, data na da tsada, na'urorinmu kuma ba sababbi ba ne. Manhajar da ba ta aiki sai da intanet, ko wadda ke cinye rabin ƙarfin na'ura tana zaune, ko wadda ke kulle aikinka cikin sigar da ita kaɗai ke iya buɗewa, komai kyanta ba ta dace da mu ba.

Rubutu, da batun kayan da aka fasa

Microsoft Word ya fito tun 1983, kuma har yau shi ne abin da ofisoshi da jami'o'i suka sani. Ba laifi, yana aiki. Abin da ya sauya shi ne yadda ake mallakarsa. Kamfanin ya fi son a riƙa biyan kuɗi duk wata ko duk shekara ƙarƙashin Microsoft 365, ko da yake har yanzu yana sayar da na biya-sau-ɗaya, wanda na baya-bayan nan shi ne Office 2024. Mafi yawan mutanenmu ba ɗaya daga cikin biyun suke amfani da shi ba. Wanda aka fasa ne, aka cire masa makullin lasisi.

Akwai batun haƙƙin mai kaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke kiyaye haƙƙi. Amma ko an ajiye shi gefe, a dubi yadda ake ɗora irin wannan manhaja. Matakin farko da mai ɗorawa ke yi shi ne ya kashe riga-kafin da ke cikin Windows, domin in bai kashe ta ba, za ta kama fayil ɗin fasawar ta goge. Sannan ya ba wannan fayil cikakken iko a kan na'urar. Kamar mutum ne ya ɗaure karensa da dare don wani baƙo da bai san daga inda ya fito ba ya samu shiga. Wani lokaci baƙon ba ya ɗaukar komai. Wani lokaci kuwa yana tafe da abin da ke kwashe kalmomin sirrin da aka adana a burauza, ko mai amfani da na'urarka wajen haƙar kuɗin kirifto a ɓoye, abin da ke sa ta zafi ko ba ka aikin komai. Akwai wani nau'in bairos mai garkuwa da fayiloli da ake kira STOP ko Djvu, wanda babbar hanyar yaɗuwarsa ita ce fasassun manhajoji. Yana kulle hotuna da takardu duka, ya bar wasiƙa yana neman dala 980, ko rabin haka in an biya cikin kwana uku. Wanda kundin digirinsa ke ciki ba ya manta ranar.

Mafita ta halal tana nan, sunanta LibreOffice. Asalinta StarOffice ce ta wani kamfanin Jamus, wadda Sun Microsystems ya saya a 1999 ya kuma saki lambobinta ga jama'a da sunan OpenOffice.org. Da Oracle ya sayi Sun a 2010, sai da yawa daga masu aikin suka ɓalle suka kafa The Document Foundation, suka ci gaba da sabon suna. Tana da Writer na rubutu, Calc na lissafi, Impress na gabatar da jawabi. Ba ta neman lasisi, ba ta neman intanet, ba ta nuna talla. Ba kayan wasa ba ce: a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da mayar da kwamfutocin gwamnatinta kimanin 30,000 kanta.

Sai dai kar a ruɗe ka cewa babu bambanci. Takardar Word mai tebura da yawa da hotuna da ƙawa, in aka buɗe ta a Writer, wani lokaci shafi kan goce, layi ya sauka ƙasa. Babban dalili shi ne salon haruffa: in takardar da Calibri aka rubuta ta, na'urarka kuma ba ta da shi, sai a musanya da wani mai faɗi daban. Wannan kan faru ko tsakanin Word da Word, shi ya sa ɗalibi zai tsara aikinsa tsaf a ɗaki, ya je shagon buga takardu ya ga babi na biyu ya faro daga tsakiyar shafi. Maganin ɗaya ne: duk abin da aka gama, za a buga ko za a tura don karantawa kawai, a mayar da shi PDF tukuna. Adobe ne ya fito da wannan siga a 1993, ta zama ma'aunin ƙasa da ƙasa a 2008, kuma amfaninta shi ne tana ɗauke da haruffanta a cikinta, yadda ka gan ta haka kowa zai gan ta.

Wani ƙaramin gyara da ya kamata kowa ya yi yau: Word yana adana kwafin ko-ta-kwana duk minti 10. Ga mai kwamfutar tebur, ko wanda batirinsa ya mutu, minti goma rubutu ne mai yawa in aka ɗauke wuta. A shiga File, sai Options, sai Save, a mayar da shi minti 2. A kuma saba da danna Ctrl da S har ya zama hannu ke yi ba tare da tunani ba.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Nan ne mai rubutun Hausa yake da wata buƙata da mai rubuta Turanci ba ya da ita, kuma nan ne muka fi yin asara ba tare da mun lura ba. Lokacin da kwamfuta ta shigo, babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinta. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka yi ƙoƙari suka ƙera salon haruffa na musamman, kuma da irinsu aka buga littattafai da jaridu da kundaye masu yawa. Aiki ne da ya cancanci yabo, domin a lokacin babu wata hanya. Dabarar da wasu daga irin waɗannan haruffa suka bi ita ce aron gurbin baƙaƙen da Hausa ba ta amfani da su: ka danna q a ga ƙ, ka danna x a ga ɗ, ka danna v a ga ɓ. A ido komai daidai. A cikin fayil kuwa q ɗin yana nan a matsayinsa na q. Da zarar an buɗe takardar a na'urar da ba ta da wannan salon haruffa, ko aka kwafa aka liƙa a Facebook, sai ka ga "qasa" da "xaya" da "vata". Duk wanda ke karanta Hausa a intanet ya sha cin karo da wannan.

Illar ta wuce muni a ido. Wanda ya nemi kalmar "ƙasa" a injin bincike ko cikin tarin takardu ba lalle ya samu rubutun da aka yi da "qasa" ba. Ke nan ilmin yana nan amma ya ɓuya.

Yanzu an wuce wannan matsala. Tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin: ƙ tana da 0199, ɗ 0257, ɓ 0253, sai ƴ da ake rubutawa a Nijar 01B4. Manyansu kuma 0198, 018A, 0181 da 01B3. A Word da Writer, in ka rubuta U+0199 ka danna Alt da X, nan take zai rikiɗa ya zama ƙ. Ba wanda zai rubuta littafi a haka, amma sau ɗaya kake buƙatar fito da harafin. Daga nan kana iya saka masa gajeriyar hanya ta kanka, ko ka koya wa AutoCorrect ya riƙa musanya wata alama da shi. Hanyar da ta fi wannan ita ce ƙara allon madannai na Hausa a saitin harshe na Windows, ka riƙa sauyawa tsakaninsa da na Turanci da madannin Windows da Space. Akwai kuma Keyman, manhajar kyauta ta ƙungiyar SIL, da aka yi musamman don harsuna irin namu, tana aiki a kowace manhaja ba Word kaɗai ba. In salon haruffan da kake so ba ya nuna masu lanƙwasa da kyau, ka ga harafi ɗaya ya fita dabam a tsakiyar kalma, ka sauke Charis ko Andika na SIL, ko Noto na Google. Duk kyauta ne.

Tsofaffin takardu ma ana iya ceto su. Da Ctrl da H a Word ana musanya kowane q da ƙ, x da ɗ, v da ɓ, a kunna Match case don a yi ƙanana dabam manya dabam. A yi hattara da sunayen waje, kar VOA ta koma ƁOA. Mawallafa da sassan Hausa na jami'o'i da ke da tarin kundaye a tsohuwar siga, wannan aiki ne da ya kamata su ɗauka da muhimmanci tun fayilolin suna buɗuwa.

Excel da sifilin da ke ɓacewa

Manhajar lissafi ita ce ta fara sa 'yan kasuwa sayen ƙaramar kwamfuta, tun VisiCalc da Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a 1979. Mai shago da ya koyi tara jimla, da tace bayanai, da jera su, ya samu magatakarda da ba ya gajiya. Amma Excel na da wata ɗabi'a da ke jawo ɓarna: yana yi maka hasashen abin da kake nufi.

Rubuta lambar waya mai farawa da 080, ka danna Enter. Sifilin farko ya tafi, domin a wajensa adadi ne, adadi kuma ba ya farawa da sifili. Haka zai yi wa lambar asusun banki mai alƙaluma 10 in da sifili ta fara. Ka yi tunanin jadawalin albashi ko na rabon tallafi da aka kai banki a haka. In lamba ta kai alƙaluma 12 sai ya naɗe ta ya nuna wani abu kamar 1.23E+11. Wannan da sauƙi, lambar tana nan. Amma in ta wuce alƙaluma 15, duk abin da ya biyo baya sifili yake mayar da shi, kuma ba ya dawowa. Lambar katin wuta ta mita mai alƙaluma 20 in ta shiga haka ta lalace ke nan. Kwanan wata ma haka: 3/4/2024 na iya zama 3 ga Afrilu ko 4 ga Maris, ya danganta da ko an saita na'urar a tsarin Amurka ko na Ingila, yawancin 'yan gwanjo kuwa da saitin ƙasar da suka fito suke zuwa.

Maganin mai sauƙi ne. Duk lambar da ba za a tara ta ko a ɗebe ta ba, suna ce ba adadi ba. Kafin a fara shigarwa, a zaɓi layin duka a mayar da shi Text, ko a fara da alamar ' kafin lambar. Kafin, ba bayan ba.

Kar wani ya ɗauka wannan kuskuren 'yan koyo ne. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya sunayen wasu, irin su MARCH1 da SEPT1, saboda Excel na mayar da su 1 ga Maris da 1 ga Satumba a takardun masu bincike. A watan Oktoban shekarar kuma hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa sakamakon mutum kusan 16,000 da suka kamu da korona bai shiga ƙidaya a kan lokaci ba, domin an yi amfani da tsohuwar sigar xls wadda ba ta ɗaukar layi fiye da 65,536. Sabuwar sigar xlsx tana ɗaukar sama da miliyan ɗaya. Abin da ya wuce iyakar tsohuwar sigar kawai ya zube, ba tare da wani ya ankara ba.

In aka tambaye ni manhaja ɗaya tak da za a ƙara wa Windows, wadda ake kira Everything zan ce. 'Yar ƙarama ce, ta voidtools, aikinta nemo fayil da sunansa. Binciken da ke cikin Windows kan ɗauki lokaci yana lalube, ita kuwa kana rubuta harafi sakamako na fitowa. Sirrin shi ne ba ta bin folda ɗaya bayan ɗaya. Rumbun ajiyar Windows yana da wani babban kundi da ke ɗauke da sunan kowane fayil da wurinsa, sai ta karanta wannan kundin kai tsaye ta riƙe shi. Sunaye take nema, ba abin da ke cikin takarda ba, don haka amfaninta ya rataya ne a kan yadda kake raɗa suna. Wanda fayilolinsa suke "Document1" da "sabo" da "sabo na ƙarshe" da "na ƙarshe gyararre" ba manhajar da za ta cece shi. Fara da shekara, wata, rana, sannan bayani: 2025-03-14 rasit kuɗin makaranta. A haka suna jera kansu bisa tsari, kuma ko bayan shekara biyar kalma ɗaya ta isa ta fito da shi.

Wasu abubuwan ba sai an sauke komai ba. Madannin Windows da V yana buɗe tarihin abubuwan da ka kwafa, har 25, maimakon na ƙarshe kaɗai. Mai cike fom a intanet zai ga amfaninsa a ranar farko. Windows da Shift da S yana yanko hoton ɓangaren allo. Microsoft Print to PDF yana cikin jerin firintoci, yana mayar da duk abin da ake iya bugawa PDF. PowerToys kuma, wanda Microsoft ya farfaɗo da shi a 2019, yana sauya sunan fayil ɗari a lokaci guda, yana rage girman hotuna, yana ma tsamo rubutu daga cikin hoto.

Don matse fayil da kwance shi, 7-Zip na Igor Pavlov, wanda ke nan tun 1999, ya wadatar, kuma ba zai dame ka da tunin cewa kwana 40 na gwaji sun ƙare ba kamar WinRAR. Yana iya sa wa fayil kalmar sirri mai ƙarfi, yana iya yanka babba gunduwa-gunduwa don ya wuce iyakar megabait 25 ta Gmail. Don sauti da bidiyo, VLC, wanda ɗaliban École Centrale ta Faransa suka faro, yana buɗe kusan komai. Abin da ba kowa ya sani ba, yana rage saurin magana ba tare da murya ta lalace ba, kuma Shift da kibiyar hagu na mayar da kai baya daƙiƙa uku. Ɗan jarida mai rubuta hira, ko ɗalibi mai bin karatun malami yana rubutawa, zai gode wa wannan.

A kan PDF akwai abin da ke damuna. Shafukan neman aiki da gurbin karatu kan ƙayyade girman takardar da za a ɗora, sai mutum ya ruga wani shafin intanet da ke rage girma kyauta, ya tura masa takardar shaidar karatu da ta haihuwa da katin ɗan ƙasa. Wa ke da shafin? Ina takardun suke zuwa? PDF24 Creator yana haɗawa, ya raba, ya rage girma a cikin na'urarka, ba abin da ke fita waje. Don karatu kawai, SumatraPDF ya fi sauƙi a kan tsohuwar na'ura, ko ma burauzar da kake da ita.

Manhajojin "wanke kwamfuta" kuwa, shawarata a cire su. Windows na da Storage Sense da Disk Cleanup da ke share tarkace. Kuma manhajar da ke da izinin taɓa ko'ina a na'ura ita ce wadda 'yan dandatsa suka fi kwaɗayi. A 2017 an kutsa cikin kamfanin da ke yin CCleaner aka cusa muguwar lamba a sigarsa ta 5.33, mutane sama da miliyan biyu suka sauke ta daga shafin kamfanin na gaskiya. Riga-kafi biyu a na'ura ɗaya kuma faɗa suke da juna, kowace tana binciken 'yar uwarta. Microsoft Defender da ke cikin Windows ya isa, muddin ana barinsa ya sabunta kansa. In kana son sanin abin da ke cinye ƙarfin na'urarka, danna Ctrl da Shift da Esc, ka duba jerin manhajojin da ke tashi tare da ita, ka kashe waɗanda ba ka buƙata. In har yanzu tana nauyi, to ba manhaja ce maganin ba. Sauya tsohon rumbu mai juyawa da SSD, wato rumbu marar juyawa, da ƙara RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin na'ura, daga gigabait 4 zuwa 8, sun fi duk wata manhajar ƙara sauri da aka taɓa tallatawa.

Inda aiki yake kwana

Filashi abin ɗaukar kaya ne daga nan zuwa can, ba ma'ajiya ba. Yana ɓata, yana mutuwa ba sallama, yana kuma kwaso cuta. Wanda ya saba da shagunan buga takardu ya san bairos ɗin da ke mayar da folda duka gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya. Mutane da yawa kan share filashin gaba ɗaya cikin baƙin ciki, alhali fayilolin suna nan, ɓoye su kawai aka yi. Kar a danna gajerun hanyoyin, domin dannawar ce ke tayar da cutar. A fara bincike filashin da riga-kafi, sannan a buɗe Command Prompt, a shiga harafin da Windows ya ba filashin, kamar E:, a rubuta attrib -h -r -s /s /d, sai su bayyana.

Ƙa'idar da masu harkar adana bayanai ke bi ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Ga mutum ɗaya wannan na nufin kwamfutarsa, da rumbun waje da ake sokawa a kwafa a cire, da ma'ajiyar intanet. Google na ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive 5, Dropbox 2. Bidiyo zai cinye wannan nan da nan, amma takardun rubutu na shekara goma ba za su cika shi ba, kuma tura su ba ya cin data sosai. Abin lura, manhajar da ke daidaita folda da intanet madubi ce: in ka goge a nan ta goge a can, in bairos ya kulle a nan, kullallen za ta tura. Google Drive na riƙe abin da aka goge kwana 30 ne kawai a kwandon shara. Shi ya sa rumbun da ke cikin durowa, wanda ba ya haɗe da komai, yake da nasa matsayi. A kuma riƙa buɗe shi lokaci-lokaci a tabbatar abin da ke ciki yana buɗuwa.

Mai amfani da datar waya ya shiga saitin Wi-Fi ya kunna Metered connection, don Windows ya daina sauke manyan kaya a ɓoye. Amma kar a mayar da wannan hanyar hana sabuntawa har abada. Bairos ɗin WannaCry da ya bazu ƙasashe kusan 150 a watan Mayun 2017, har ya tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya, ya bi ta wata ɓaraka ce da Microsoft ya riga ya fitar da abin toshe ta tun watan Maris. Waɗanda suka sabunta sun tsira. A ware rana a wata, inda aka samu intanet mai yalwa ko datar dare, a bar na'ura ta sha maganinta.

Kalmomin sirri ma suna buƙatar gida. Amfani da guda ɗaya a ko'ina na nufin in shafi ɗaya ya fashe, duk sun fashe. KeePassXC na ajiye su cikin fayil ɗaya kullalle a na'urarka, ba ya buƙatar intanet; Bitwarden kuma na daidaita su tsakanin waya da kwamfuta. Kalma ɗaya doguwa za ka haddace. Ita wannan, a rubuta ta a takarda a ajiye inda ake ajiye takardun gida, domin in ta ɓace ba mai iya buɗe maka.

Duk wannan ya dogara da inda aka samo manhajar. A sauke daga shafin masu ita, ko daga Microsoft Store, a kuma lura cewa sakamakon farko a injin bincike sau da yawa talla ne, wani lokaci na shafin bogi mai kama da na gaske. Lokacin ɗorawa a karanta kowane allo kafin a danna Next, nan ne ake cusa ƙarin kayan da ba ka nema ba.

Saura batu ɗaya da ya shafi dubban na'urorin da ke hannun mutanenmu. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, tare da Office 2016 da 2019. Na'urar ba za ta mutu ba, amma ɓarakar da aka gano daga baya ba za a riƙa toshe ta ba, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na shekara guda zuwa Oktoban 2026. Windows 11 kuma yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin Intel na zubi na takwas zuwa sama, ko makamancinsa, abin da yawancin 'yan gwanjon da ke kasuwa ba su da shi. Mai shirin saye yanzu ya duba wannan kafin ya biya, kar ya tsaya ga kyan jiki da girman allo. Wanda kuma tasa ba ta cika sharaɗi ba, in aikinsa rubutu ne da lissafi da intanet, Linux Mint, wani tsarin da ake ɗorawa a madadin Windows, na tafiya lafiya a kan tsohuwar na'ura, yana zuwa da LibreOffice da Firefox a ciki, VLC da KeePassXC da Keyman duk suna da sigarsa. Mai rayuwa da CorelDRAW ko Photoshop ba zai same su a can ba, shi sai dai ya tara kuɗin wata na'urar. Ana iya ɗora Mint a filashi a tayar da kwamfuta da shi ba tare da an taɓa abin da ke cikinta ba. A gwada Wi-Fi, a gwada firinta, a buɗe takardun da aka fi aiki da su, a rubuta ƙ da ɗ da ɓ a gani, kafin a yanke shawarar ɗorawa.